Ibadun Yahudawa a Ma'aunin Manomin Wagini

Babu majami'ar Yahudawa a Wagini, babu a Batsari, babu a Safana. Abin da mutumin wannan yanki ya sani game da su ta ƙofa biyu yake shigowa: tafsirin watan azumi, inda ake jin labarin Annabi Musa da Bani Isra'ila, sai kuma rediyo, inda ake jin labarin Gaza. Ko a tarihin Katsina haka abin ya zo. Shehu Magili, wanda ake danganta hasumiyar Gobarau da zamaninsa, kafin ya iso Kano da Katsina ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajajen 1492, duk da cewa alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Ke nan abin da ya iso mana hukunci ne a kansu, bayanin yadda suke ibada kuwa bai biyo ayarin ba. Wanda ya duba ibadar da kyau zai tarar dokokin manoma da makiyaya ne, waɗanda mai gona a bakin dajin Rugu zai riga ɗan birni fahimta.

A fara da Asabar. Hutun yana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari ranar Asabar da dare. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya lissafa ayyuka 39 da aka hana. Ga kaɗan daga ciki: huɗa, shuka, girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, niƙa, tankaɗe, kwaɓi, gashi, kaɗi, rini, saƙa, ɗinki, yanka, fiɗa, jima da hura wuta. Wannan ai hanyar hatsi ce daga kunya zuwa akushi, da hanyar tufa da ta fata. Har sa da jaki dokar ta ce su huta. Daga hana hura wuta ne malamansu na baya-bayan nan suka fitar da hana tuƙa mota da kunna lantarki. Amma in rai na cikin haɗari, dokar takan kauce.

Shekararsu ma noma ne ya tsara ta. Suna ƙirga wata kamar yadda muke yi, sai dai sukan ƙara wata na 13 sau bakwai a cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwa su bar lokacinsu. Azumin Ramadan yana zagaya damina da hunturu da bazara, saboda shekarar Hijira ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Nasu kuwa a kafe yake. Idin Ƙetarewa, na tuna fitowa daga Masar, yana zuwa a Maris ko Afrilu, lokacin girbin sha'ir, kuma ba a cin gurasa mai yisti. Bayan mako bakwai sai idin girbin alkama. A Satumba ko Oktoba ake shiga sabuwar shekara da busa ƙahon rago. Ranar goma ga watan ita ce Ranar Kafara, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Masana da dama suna danganta ta da azumin Ashura da Annabi (SAW) ya tarar Yahudawan Madina suna yi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ranar 15 sai Idin Bukkoki, inda iyali ke kwana bakwai suna cin abinci a bukka mai rufin ganye.

A nan ne kamannin yake da iyaka. Wannan kalanda ta ƙasar Falasɗinu ce, inda ruwa ke sauka da hunturu. Da ƙarewar Idin Bukkoki suke fara ambaton ruwan sama a addu'a, daidai lokacin da manomin Wagini ya yi sallama da damina yana ɗaurin gero. Bayahuden Landan ko Buenos Aires yana bikin girbin gonar da bai taɓa huɗawa ba.

Haƙƙin talaka a gona wani babi ne da zai ja hankalin mai fitar da zakkar dami ɗaya cikin goma. Attaura ta hana mai gona girbe kusurwar gonarsa, Mishna kuma ta ce abin da za a bari kada ya gaza ɗaya cikin 60. Zangarniyar da ta faɗi ba a komawa ɗauka, haka damin da aka manta. Abin da mata da yara ke yi da sunan kala bayan an cire gyaɗa, a wurinsu doka ce. Kowace shekara ta bakwai kuma a bar gona ta huta. Ta ƙarshe ta faɗo ne a 2021 zuwa 2022.

Dokar abinci ta fi tamu tsauri. Dabba sai mai rababben kofato mai tuƙa, don haka raƙumi da zomo sun fita tare da alade. Kifi sai mai ƙege da ɓawo, tarwaɗa ba ta shiga. Ana yanka da wuƙa mai kaifi marar gibi, a barbaɗa wa nama gishiri ya tsotse jini, kuma ba a haɗa nama da nono ko man shanu, har tukwanensu daban. Kaciya rana ta takwas ake yi, a nan ake raɗa wa yaro suna, inda mu suna ran bakwai ne, kaciya kuma a al'adar da sai yaro ya tasa, wanzami ya yi ta da sanyi. Mamaci ana yi masa wanka da farin likkafani a gaggauta binne shi, a yi zaman makoki kwana bakwai.

Me ya riƙe waɗannan al'adu? A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus, hadayar dabbobi ta tsaya. Malamansu suka mayar da nauyin addini kan addu'a sau uku a yini, da karatu, da abin da ake ci a gida. Abin da ya koma hannun uwa da uba ba ya buƙatar sarki ko ƙasa, shi ya sa ya rayu a Yaman da Maroko da Polan. Tsarin yana da tsada: wanda ba ya cin tuwon maƙwabcinsa yana tsare asalinsa, amma yana zama bare a garin da aka haife shi. Kuma a cikin Yahudawa sama da miliyan 15 da ke duniya, da yawa ba sa kiyaye dokokin nan sosai.

Sanin ibadar mutane ba yarda da aƙidarsu ba ne, ba kuma goyon bayan gwamnatin Isra'ila ba ne. Malamin da ke fassara labarin mutanen Asabar a Suratul A'araf zai fi gamsar da almajiransa in ya san abin da dokar Asabar ta ƙunsa. Ya kamata makarantun Islamiyya da kwalejojinmu na jihar Katsina su ba wannan fanni gurbi a darasin tarihin addinai.