Koyar da Wasiƙar Zumunci a Zamanin Imel: Sharhi Kan Hanyar da Ake Bi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ake koyar da wasiƙar zumunci a makarantunmu na sakandare, musamman yanzu da wasu malamai suka fara shigar da imel cikin darasin insha'i. Abin da muka lura da shi shi ne an mai da wasiƙa tamkar fom na cikewa: adireshi a sama ta hannun dama, kwanan wata, gaisuwa, gundarin saƙo, sa'an nan rufewa. Wannan tsari daga darasin Ingilishi aka aro shi, shi kuma ɗalibai ke haddacewa domin jarrabawar WAEC da NECO. Da imel ya zo sai aka ɗauko tsarin ɗungurungum aka ɗora masa, har ɗalibi yakan rubuta kwanan wata alhali na'ura ta riga ta sa.

To, amma Bahaushe bai koyi wasiƙa daga Bature ba. Tun kafin boko sarakuna da malamai suna aika wa juna takardu da Larabci, daga nan ne ma muka gaji "haza wasalam". Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, masu karatu suka riƙa aiko wa edita wasiƙu da boko. A duk waɗannan, gaisuwa ma'auni ce ta matsayin wanda ake rubuta wa, kuma wannan ne darasinmu ya yi watsi da shi.

A ganinmu babban kuskure shi ne ɗaukar wasiƙar zumunci a matsayin abu guda. Littattafan aji sukan haɗa uba da aboki da ƙane a rukuni ɗaya, wai duk ba na hukuma ba ne. Ina aka taɓa yin haka? Yaro ba ya ambatar sunan mahaifinsa, a gidaje da yawa ma da "ku" yake masa magana. Taubashinsa kuwa da zolaya zai fara masa. Saboda haka muna ba da shawara malami ya ba da labari guda, alal misali faɗuwa jarrabawa, ya ce a rubuta shi sau uku: ga uba, ga aboki, ga abokin wasa. Nan ne za a gane wanda ya iya Hausa.

Saura maganar ƙa'idar rubutu. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, kuma saƙon tes guda haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ sai ya koma 70. Wannan, da rashin haruffan a madannan wayoyin lokacin, su suka saba wa mutane taƙaita kalmomi da yar da lanƙwasa. Malamai sukan haɗa abubuwan biyu su ja musu jan biro, mu kuwa muna ganin a bambanta su. Rubuta "slm" ga aboki zaɓi ne, ana iya koya wa ɗalibi inda ya dace da inda bai dace ba. Amma wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi" ya ɓata ma'ana, ko wa yake rubuta wa. Wayoyin zamani suna karɓar madannan Hausa, kuma saita su a aji ba zai ci rabin darasi ba.