Shaihu Umar na Adamu Halilu: Fim Ne, Kuma Madubi Ne

Jama'a, yau in aka ce fim ɗin Hausa, hankalin yaranmu Kano yake tafiya. To amma tun kafin a san Kannywood akwai Malam Adamu Halilu, haifaffen Garkida a 1936, Allah ya jiƙansa. A sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa ya goge, wajen shirya finafinan wayar da kai da ake haskawa a majigi. Can idonsa ya saba da ɗaukar rayuwar mutane yadda take.

A 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Mu mutanen Bauchi labarin namu ne, don marubucin a garin nan yake kwance.

Abin yabo, Halilu bai rufa mana asiri ba. Ya nuna yadda aka raba yaro da uwarsa, aka ƙetare Sahara da shi, ita kuma ta bi sawu har ta faɗa bauta. Masu kamun da masu sayarwar ba baƙi ba ne, masu salla ne irinmu. Ga zaman almajirai gaban malami, ga ayarin raƙuma, ga sutura, duk an ɗauka a natse, ba rawa ba tsalle.

Sai dai muna da ƙorafi. Balaraben da ya tafi da Umar ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami, wannan kuwa yana iya sa mai kallo ya ce ai bautar ma alheri ta zama. A'a! Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta wanke azzalumi. Hawayen uwar nan su ne hukuncin labarin.

Shekara da shekaru fim ɗin na ajiye a ma'adanar finafinai ta Jos, sai a 2016 aka tono shi, aka gyara a Jamus, aka haska a bikin finafinai na Balin a 2018. Turawa sun kalla, yaran Inkil fa? A lokacin da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi Arewa, ya kamata shugabannin unguwa da malaman Islamiyya su nemo shi a haska mana a fili. Allah ya sa mu ɗauki darasi, amin.