Sharhin da Ba Ya Fitowa a Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa karɓar hayar littafin hikaya a Kano ko Zariya ko Katsina cikin shekarun 1990 ya san ba marubucin kaɗai ke magana a ciki ba. Bangon ya sha hannu har ya yi laushi, an ɗinke ƙeyarsa da zare don kada ya warwatse. A gefen shafin da uwar miji ta sa aka saki surukarta, wata ta sa shuɗin biro ta rubuta "Allah ya isa". Ƙasa kaɗan wata ta amsa mata da jan biro, ta ce ai yarinyar ma ba ta da kunya. Can a shafin ƙarshe wani ya rubuta cewa ƙarya ce, ba a yin haka a duniya. Yawancin masu wannan rubutu 'yan makaranta ne, ba su san juna ba, amma sun yi muhawara a kan littafi, kuma kowa ya kafe a kan ra'ayinsa.

Wannan shi ne sharhin matasa a kan abin da suka karanta, kuma a ganina shi ne ɓangaren adabinmu da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lokacin da aka yi ta fafatawa a jaridun Nasiha da New Nigerian kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na kare su, yarinya mai karatu ce a tsakiyar rigimar. Wani ɓangare na cewa ana ɓata mata tarbiyya, wani na cewa albarkacin littattafan nan ne ta saba da karatu. Har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu daga cikinsu a wata makarantar 'yan mata a Kano, duk da sunan kare ta. Ita kuwa ana ta magana a kanta, ba a cika ce mata ta faɗi nata ba.

Alhali kuwa ta faɗa. Marubutan wancan zamani suna sa adireshinsu a littafi, wasiƙu kuma suna zuwa. Bayan fitowar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, samari da 'yan mata sun rubuta masa a kan Sumayya da Muhammad kamar wasu 'yan unguwarsu, har masanin nan Brian Larkin ya kafa hujja da irin waɗannan wasiƙu a wani nazari da ya fitar a 1997. Da sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu za su bi marubuta su tattara abin da ya rage a akwatunansu, da an sami tarihin zuciyar matasan Arewa wanda babu shi a wani kundi.

To, da me matashi ke auna littafi? Abu na farko da ke fitowa daga bakinsa shi ne, "wannan ai labarin yayata ne", ko "wallahi haka aka yi wa wata a layinmu". Rayuwarsa ce mudun awonsa. Yarinyar da aka taɓa yi wa barazanar cire ta daga makaranta, idan ta karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, ta ga an aurar da Abu tana ƙarama ga Sarkin Noma, ta ga ta gudu ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, ba nishaɗi kawai ta samu ba. An faɗa mata a sarari abin da ba ta isa ta furta a gaban mahaifinta ba. Shi ya sa za ka ji ta ce littafin ya sa ta kuka, kuma yabo take yi.

Daga nan sai hukunci. Matashi mai karatu alƙali ne, ba ya barin tauraro ya wuce ba tare da ya biya bashin abin da ya aikata ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, don haka ranar da gobara ta cinye masa shago mai karatu kan ji sanyi a ransa. Amma da aka matsa wa Rabi ta koma masa bayan ya talauce, a nan ake rabuwa. Wata ta ce haƙuri ne irin na uwa, wata ta ce an cuce ta sau biyu. Wannan gardama, da ake yi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, magana ce a kan aure da saki da haƙƙin mace, kuma zurfinta bai gaza na aji ba.

A aji kuwa wata tambayar ake yi: kawo jigo, bayyana salo, yi sharhi a kan zubi da tsari. Waɗannan kayan aiki ne masu amfani, ban raina su ba. Matsalar ita ce an fara daga inda ya kamata a ƙare. Ɗalibin da aka fara tambayarsa wane wuri ne ya ba shi haushi a Ruwan Bagaja, ko me ya sa ya ƙi jinin Malam Zurƙe amma yake ɗokin sake fitowarsa, da kansa zai gano dabarar Abubakar Imam. Shi kansa Imam ya san darajar kunnen yaro, domin a littafin farko na Magana Jari Ce duk hikimar aku ta tafi ne wajen riƙe hankalin Musa ɗan sarki kada ya fita.

Sai dai ba zan ɓoye damuwata ba. Ra'ayin matashi yana da zafi, yana son a biya masa buƙata nan take: mugu ya wulaƙanta, masoya su haɗu, mai kuɗi ya zama mai tausayi. A da, wasiƙa tana iso wa marubuci ne bayan ya gama littafi, aikin gama ya gama. Yanzu da marubuta da yawa ke sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, roƙon "don Allah Anti kar ki raba su" yana iso wa marubuciya tun tana tsakiyar labari, kuma sau da yawa masu roƙon su ne masu biyan kuɗin karatu. Ba kowace marubuciya ke iya tsayawa a kan abin da ta tsara ba. Da a haka Balaraba ta rubuta labarin Rabi, da wuya masu karatu su bari ta koma wa Alhaji Abdu, kuma da 'yan matan sun rasa shafin da ya fi sa su tunani.