Kujerar mai ɗaukar hoto: sharhi a kan littafin Being There

Maƙasudin wannan ƴar takarda shi ne mu duba wani littafin hotuna da ya fito a Paris a shekara ta 2023, mai suna Being There, aikin haɗin gwiwa na Lee Shulman da Omar Victor Diop. Za mu auna shi da ma'aunin ilimin harshe, domin tambayar da ya tayar tsohuwar tambayarmu ce: wa ke magana, wa ake yi wa maganar, wa kuma ake magana a kansa ba da shi ba.

1. Kayan aikin

Shulman ɗan Ingila ne mazaunin Paris, mai shirya fim. A 2017 ya sayi akwatin tsofaffin diyapo ta intanet, daga nan ya kafa The Anonymous Project, wanda ya tara dubban ɗaruruwan irinsu. Diyapo ɗan guntun fim ne mai launi da ake ɗaurewa cikin kwali mai santimita 5 kowane gefe, a haska shi a bango da majigi. Da yawansu Kodachrome ne, fim ɗin da kamfanin Kodak ya fara sayarwa domin ƙananan kyamarori a 1936, ya daina yi a 2009. Waɗanda Shulman da Diop suka zaɓa na Amurka ne, na shekarun 1950 da 1960, kuma waɗanda suka ɗauke su ba masu sana'ar hoto ba ne. Magidanta ne da matan gida masu ɗan abin hannu.

Abin da ke ciki kusan ɗaya ne daga gida zuwa gida: gasasshen talotalo a tsakiyar tebur ranar bikin godiya na watan Nuwamba, yara cikin dusar ƙanƙara, sabuwar mota a ƙofar gida, iyali a bakin teku lokacin hutu. Wannan maimaici ba zai ba wanda ya karanta Un art moyen mamaki ba. A cikin wannan bincike na 1965, wanda reshen Kodak na Faransa ya ba da kuɗin yinsa, Pierre Bourdieu da abokan aikinsa sun nuna cewa hoton mutanen gari yana ƙarƙashin ikon iyali: abin da dangi suka yarda ya cancanci tunawa shi ake ɗauka. Saboda haka sunan da aka saba ba su, wato hotunan rayuwar yau da kullum, yana buƙatar gyara. Fim da kuɗi ake saye, naɗi guda hoto 20 ne ko 36, ba mai ɓata shi a kan ɗumamen ranar Talata. Abincin da muke gani na ranar biki ne, kuma lokutan shekara suna shigowa ne ta kalandar bukukuwa da hutun aiki.

2. Hoton gida a matsayin kalmar nuni

A ganinmu, abin da ya fi kama da hoton gida a cikin nahawun Hausa shi ne kalmar ga. Ga Baba, ga motarmu, ga inda muka kwana. Kalma ce da ba ta ɗaukar lokaci, ba ta kuma da ma'ana sai akwai mai nunawa da wanda ake nuna wa, su biyu a wuri guda. Haka sauran kalmomin nuni suke. Ɗalibanmu sun san cewa nan da can kalmomi huɗu ne idan aka saurari karin sauti: nân mai faɗuwa kusa da ni, nan na sama kusa da kai, cân mai faɗuwa inda mu duka muke hangowa, can na sama inda ido bai kai ba. A cire mai magana da mai sauraro, duka huɗun su rasa inda za su tsaya. Su ne irin kalmomin da ake kira embrayeurs a nazarin Faransanci, a bin sahun Jakobson.

To diyapo ma haka yake, har ya fi hoton takarda. Ba a kallonsa sai an kashe fitila, an tara iyali da maƙwabta, mai gida yana canza hoto yana bayani. Rabin saƙon a baki yake. Mu ma mun san wannan al'ada ta wani fannin: baƙo ya zauna a ɗaki, a miƙa masa kundin hotuna, wani ya tsaya a kafaɗarsa yana faɗin wannan wance ce, ranar sunan wane. Roland Barthes, a maƙalarsa ta 1964 a kan tallan taliyar Panzani, ya kira aikin da magana ke yi wa hoto ancrage, wato turke: hoto yana iya nufin abubuwa da yawa, magana ce ke ɗaure shi a guda.

Diyapon da ya kai kasuwa turkensa ya tsinke. Masu bayanin sun mutu, magada sun sayar da akwatin. Abin da kan rage shi ne wata da shekarar da kamfani ya buga a jikin kwalin, wani lokaci da ɗan rubutun hannu. Sunan aikin Shulman kansa ya mayar da wannan rashi abin ado. Abin da mai shi ya ɗauka da nân, yau da can muke kallonsa, kuma Goggo wance ta zama “macen Amurka ta shekarun 1950”, wato sunan yanka ya koma sunan gama-gari. Bari mu ƙara wani abu a gefe: Kodachrome yana riƙe launi shekaru da yawa idan yana cikin duhu, amma hasken majigi yana cin sa. Ke nan waɗanda suka fi kyau a bangon zauren nuni, a cikinsu akwai waɗanda iyalinsu ba su cika kallo ba.

3. Kujerar

A nan ne Diop ya shigo. Ɗan Dakar ne, an haife shi a 1980, an kuma san shi da ɗaukar hoton kansa cikin shigar wasu, kamar a jerin Diaspora na 2014. Shulman ya lura cewa a hotunan tebur sau da yawa akwai kujera guda da ba kowa, ta wanda ya tashi ya ɗauki hoton. Sai suka sa wa Diop tufafin zamanin, suka ɗauke shi a sutudiyo da haske irin na diyapon, suka dasa shi da kwamfuta a inda akwai gurbi. Ga shi a tebur ana cin abinci, ga shi a bakin ruwa, ga shi cikin walima yana dariya da masu dariya, baƙar fata guda a tsakiyar fararen Amurka na lokacin wariya.

Wajen aikin hannu, abin a yaba ne. Inuwa ta faɗi inda ya kamata, ƙwayar fim ta dace, ido kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane. Wannan ɗan jinkiri shi ne ƙarfin littafin: mai kallo yana kama kansa yana mamakin abin da bai kamata ya ba da mamaki ba. Tarihi kuwa yana bayan mamakin. Dokar da ta hana wariya a otal da gidan abinci sai a 1964 ta fito, kuma tun daga 1936 baƙaƙen matafiya suna da littafinsu na musamman, Green Book, mai nuna inda za a yarda su kwana ko su ci. Hoton hutu a wancan zamani shaida ce ta wanda ke da ikon tsayawa inda ya ga dama.

Amma kujerar ta fi haka faɗi. Émile Benveniste ya raba wakilan suna gida biyu: ni da kai su ne masu zance, shi da ita suna waje da zancen. A hoton gida, ni shi ne mai riƙe da kyamara. Ba ya fitowa, amma duk idon da ke cikin hoton shi yake kallo, murmushin ma nasa ne. Kujerar da ba kowa ita ce sawun ni a cikin jimla. Da Diop ya zauna a kanta, matsayin mai gida ya hau, wanda ya wuce na baƙon da aka gayyata. Hotunan da suka fi ratsa mu su ne waɗanda ya kalli kyamara a cikinsu kamar yadda sauran suka kalle ta, domin sai tambaya ta taso: to wa ke riƙe da ita yanzu? Inda kuwa aka tsayar da shi a gefen hoton yawon buɗe ido don kawai akwai fili, wasan kan zama na neman inda yake, kuma bayan shafuka da dama dabarar takan fara gajiyarwa.

Muna da ƙorafi biyu da suka fi wannan nauyi. Na farko ya shafi girki. Littafin yana ɗauka cewa baƙar fata ba ya cikin waɗannan gidaje, shi ya sa ake shigar da shi. Alhali a wancan zamani, musamman a kudancin Amurka, aikatau a gidajen farare yana cikin manyan ayyukan mata baƙaƙe. Ba kowane gida ke da mai aiki ba, amma inda take, tana iya zama ita ta gasa talotalon, tana madafa, taku kaɗan daga inda hoton ya yanke. Ita ce ita ta Benveniste: ana cin aikinta, ba a zance da ita. Namiji mai kwat a kan kujera bai amsa tambayarta ba, ya ma ɗan rufe ta, domin ya sa mai kallo ya ji kamar gurbi guda ne ke akwai kuma an cike shi.

Na biyu ya shafi taskar kanta. Baƙaƙen Amurka sun ɗauki hotunan gidajensu, na bukukuwansu da tafiye-tafiyensu. Marubuciya bell hooks ta yi rubutu a tsakiyar shekarun 1990 a kan bangon hotuna na gidajen baƙaƙe na kudu da abin da yake nufi gare su. Rashinsu a nan yana da dalilai da suka haɗu: tsadar fim mai launi da majigi, abin da ya kai kasuwa da abin da dangi suka riƙe, sa'an nan zaɓen mai tarawa. Duk wanda ya taɓa haɗa matanin bincike ya san cewa abin da bai fito a samfuri ba, ba lallai ne babu shi a harshe ba. Littafin bai taimaka wa mai kallo ya bambanta Amurka da akwatunan Shulman ba.

Saura mutanen da ke tebur. An sa su a wasan da ba su san da shi ba, wasu a matsayin masu karɓar baƙo da fara'a, wasu kuma mai kallo yana karanta ƙyama a fuskarsu, alhali wataƙila hasken fitilar kyamara ne ya shiga idonsu. Tunda ba su da suna, ba mai tsaya musu. Sabon turken da aka ɗaure su a kai ya fi na farko ƙarfi, domin na farko a baki yake, kowace haskawa yana iya canzawa, wannan kuwa an ɗinke shi a cikin hoton.