Shugabanci Kaya Ne, Ba Rawani Ba

Jama'a, mu nan Aujara Musulmi ne suka fi yawa, amma duk wanda yake zagayawa Dutse ko Roni ya san akwai 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci, galibinsu mabiya ikilisiyar ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM, ta kuma tsaya da ƙafarta a shekarar 1954. Wannan ikilisiya ba ta naɗa mace fasto, haka ma cocin Angilikan na Najeriya, duk da cewa takwaransa na Ingila ya fara naɗa mata tun 1994. Ni dai ba wannan ce damuwata ba, kowace ikilisiya da tsarinta.

Damuwata ita ce yadda wasu magidanta suka ɗauki kalmar nan "shugaba". Za ka ji mutum ya haddace Afisawa sura 5 aya 22, inda aka umarci mace ta yi wa mijinta biyayya, amma da an zo aya 25, wadda ta ɗora wa miji ƙaunar matarsa har ya ba da ransa dominta, sai gogan naka ya yi kunnen uwar shegu. To, wai an taɓa karɓar rabin aya a bar rabi?

Shiga majami'a ranar Lahadi ka gani. Su wa suka share ta? Su wa suke zuwa gaida marar lafiya, su yi girkin biki da na makoki? Zumuntar Mata ce. A gida ma sau da yawa uwa ce take tara yara a yi addu'ar dare, maigida yana can majalisa ana shan shayi. Amma ranar yanke shawara a kan kuɗin baiko, sai a ce maza kaɗai za su zauna. Haba!

Littafin da suke kafa hujja da shi ya ba da labarin Debora wadda ta yi wa Isra'ila shari'a, da Bilkisu wadda ita da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos sani. Ashe jin shawarar mace ba ya rage wa namiji daraja.

Saboda haka, malam maigida, in kana son girman shugabanci, ka fara ɗaukar nauyinsa: ka ciyar, ka biya kuɗin makaranta, ka riga kowa tashi addu'a, ka saurari uwargida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.