Sharhi kan ra'ayin "ƴan asalin zamanin na'ura" a makarantun Tasawa da Mayahi

A shekarar 2001 Marc Prensky, wani marubuci ɗan Amurka, ya raba mutanen aji gida biyu: ɗalibai ƴan asalin zamanin na'ura, malamai kuwa baƙi a cikinsa. A 2012 Michel Serres na Faransa ya bi kusan wannan hanya a littafinsa Petite Poucette. Manufar wannan takarda ita ce auna ra'ayin da halin da ake ciki a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi.

Raunin farko shi ne ɗora bambancin duka a kan shekaru. Yaron da ke cikin garin Tasawa da takwaransa na ƙauyukan Urafan ko Kanambakashe sa'o'in juna ne, amma ba su da rabo ɗaya wajen lantarki da intanet. A gidaje da dama salula ɗaya ce, tana aljihun maigida, kuma ƴa mace ce ta ƙarshen taɓa ta. Sau da yawa ma mushe ne ya fi kowa a ajin sanin waya.

Rauni na biyu ya shafi harshe. Ɗaliban Serres suna karatu da rubutu da harshen da suka tashi da shi. Namu kuwa muryarsu Hausa ce, umarnin wayar Faransanci ne. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya samu karɓuwa: yana raba mutum da wahalar rubutu. Wanda ya rubuta kuma yakan bi ƙa'idar Faransanci, ya sa "ou" a gurbin "u", ya zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, har a kasa bambanta "kafa" da "ƙafa". Ke nan saurin yatsa ba ya nufin iya rubutu.

Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. Saboda haka muna ba da shawarar malami ya ɗauki muryar ɗalibai da wayarsa, su saurara, su rubuta a allo bisa daidaitacciyar ƙa'ida, sannan a kwatanta da Faransanci. Giɓin da ya kamata a cike yana tsakanin magana da rubutu ne.