Nauyin Ɗafa-Goshi Guda a Littafin Faidon na Aflatun

A cikin wannan ɗan nazari za a duba wata kalma ta Girkancin dauri, da irin kayan da Aflatun ya aza mata a littafinsa mai suna Faidon. Kalmar ita ce anabioskesthai, aikatau mai ma'anar komowa ga rayuwa bayan mutuwa. Ra'ayinmu shi ne, hujja ta farko da littafin ya kawo game da wanzuwar rai bayan mutuwa, a kan ƙirar wannan kalma ta jingina, kuma da an zare kalmar sai hujjar ta zube.

Idan aka feɗe kalmar za a sami saiwarta daga bios, watau rayuwa. Akwai ɗafin -sk- a tsakiya, wanda kan nuna aikin da ke gudana sannu a hankali, kamar a geraskein, tsufa. Sa'an nan ga ɗafa-goshin ana-, shi kuwa baki biyu gare shi. Wani lokaci yana nufin sama, kamar a anabainein, hawa. Wani lokaci kuma yana nufin sakewa ko komowa. A nan ne gizo yake saƙar.

Littafin ya ba da labarin hirar Sokaratis da almajiransa a kurkukun Atina, ranar da ya sha guba, a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Sokaratis ya kafa cewa kowane abu daga kishiyarsa yake fitowa: babba daga ƙarami, rarrauna daga ƙaƙƙarfa, farke daga mai barci. Tsakanin kowane kishiyoyi biyu kuma akwai hanya biyu, ta tafiya da ta dawowa. Mutuwa hanya ce da kowa ya gani da idonsa. To, ina abokiyar burminta, ko kuwa halitta gurguwa ce ta wannan gefe? Sai almajirinsa Kebes ya amsa da wannan aikatau. Nan take Sokaratis ya karɓe, ya ce ashe rayayyu daga matattu suke fitowa, ashe kuma rayuka suna nan a wani wuri suna jira.

Mai karatu ya lura, Kebes ne aka bari ya furta kalmar, shi da ya zo da shakka tun farko. Wannan gwanintar tsara zance ce, ba mu hana wa Aflatun ita ba. Amma abin da ake neman tabbatarwa, watau cewa jariri ya taɓa rayuwa ya mutu, an riga an cusa shi a cikin ana- tun kafin a kai ga hukunci. Abin da ido ya shaida kawai shi ne, wanda da ba shi da rai ya sami rai. Wanda bai taɓa rayuwa ba kuwa daban yake da matacce, kamar yadda budurwa take daban da bazawara, ko da yake dukkansu ba su da miji. Misalin barci ma bai taimaka ba, domin wanda ya kwanta shi ne ya tashi, kuma muna da jikinsa a kan gado shaida. In kuma aka ce ana- a nan tasowa sama kurum yake nufi, kalmar ta tsira, amma ba ta tabbatar da kome ba.

A wasu littattafansa Aflatun ya riƙe kalmar da kyau. A ƙarshen Jamhuriya akwai labarin Er, mutumin Famfiliya, wanda ya faɗi a fagen yaƙi. Bayan kwana 10 aka kwashe gawawwaki sun ruɓe, tasa kuwa lafiya lau. Ranar ta 12, yana kan itacen ƙona gawa, ya komo. A nan aikatau ɗan'uwan wancan, anabionai, ya zauna daram, saboda jikin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, kuma an hana shi shan ruwan kogin mantuwa da sauran rayuka suka sha, don haka ya dawo da labari. A Kiriton kuwa gatse aka yi da kalmar, inda Sokaratis ya siffanta gama-garin mutane da saurin kisa, da kuma son mayar da rai in da za su iya.

Wanda zai juya Faidon zuwa Hausa sai ya yi hattara a wannan gaɓa. In ya sa farfaɗowa, ya mai da mutuwa suma, ya ƙara wa Sokaratis hujjar da bai nema ba. In ya sa tashi daga matattu, kunnen Bahaushe tashin alƙiyama zai ji, alhali Sokaratis zagayen haihuwa da mutuwa yake nufi, ba tashi guda na ƙarshe ba. In ya sa haihuwa, ya gyara wa marubuci kuskurensa, hirar kuma ta rasa ma'ana. Abin da ya fi kusa shi ne sake rayuwa. Ba ta da daɗin faɗa, amma kalmar sake tana tsaye a fili ita kaɗai, inda mai karatu zai gan ta ya tambayi Kebes daga ina ya samo ta.